Gyaran gidan Inna: kada ka fasa wancan bangon

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar firamare ne a nan Maradi, ina da mata da ƴaƴa uku. Tun ina yaro nake bin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in yana ƴan gyare-gyaren gida, shi ya sa hannuna ya saba da guduma da cokalin gini. Ni ba magini ba ne, amma ina liƙe tsagar bango, ina ɗaura ƙofa, ina canja kan famfo, abin da ya shige mini duhu kuma in duba a waya. Yanzu duk dangi in abu ya lalace ni ake kira. Asabar da Lahadi ba nawa ba ne.

Bara Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu wadda mijinta ya rasu, ta roƙe ni in gyara mata rufin ɗaki. Kuɗin da ta bayar ba su kai na sabon kwano ba, sai na haɗa da tsofaffi, na cika jika 30 daga aljihuna, ban faɗa wa kowa ba. Da ruwan Agusta ya sauka ɗakin ya yi yoyo, katifa da kayan auren ƴarta suka jiƙe. Ɗanta ya ce a gaban mutane karambani ne ya kai ni. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu kuma Yayanmu da ke Yamai ya turo jika 150, ya ce in gyara gidan Inna kafin damina: in fasa bangon da ke tsakanin ɗakunanta biyu na soro su zama falo ɗaya, in shafe katangar ƙasa da siminti, in ja kuran, wato wutar lantarki, zuwa falon. Ya ce ba sai an kira magini ba tunda ga ni. Gidan na gado ne, ba a raba ba, kuma muna da ƙanne mata uku. Na san kuɗin ba za su isa ba, aikin ma tsoronsa nake ji. Mai ɗakina ta ce wata huɗu ke nan da zane muke rufe ƙofar bayinmu. In na ƙi, a ce na ƙi uwata. In na yi, ina tsoron irin abin da ya faru gidan Gwaggo. Ina mafita?

Wani malami, Maradi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa abin da ya koya wa hannunka ya riƙa kai masa lada har kabarinsa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda zuciyata ta tsaya shi ne inda ka ce ba ka faɗa wa kowa ba. Zan dawo kan wannan. Amma akwai maganar da ba ta jira, da ita zan fara.

Kada ka fasa bangon nan. Ko Yaya ya kira ka sau goma, kada ka ɗaga masa guduma.

Yau in ka tashi daga makaranta ka biya gidan Inna, ka shiga ɗakin, ka ɗaga kai ka dubi yadda azara ta kwanta. In kawunan azarar ɗakunan biyu a kan bangon tsakiya suka hau, to shi ke ɗauke da rufin duka biyun, kuma a gininmu na ƙasa galibi haka abin yake, domin azara ba ta da tsawon da za ta tsallake ɗaki biyu. Yi lissafi irin naku na malamai. Ɗaki mai mita 3 a tsawo da mita 3 a faɗi, in kaurin ƙasar da ke kansa ya kai santimita 20, nauyinta ya kai wajen tan 3, kwatankwacin buhun siminti 60 ke nan. A bushe fa. In ta sha ruwan Agusta sai ta ƙara nauyi, kuma soron da ya daɗe ana ƙara masa yaɓe shekara da shekaru, kaurinsa ya wuce yadda ake zato daga ƙasa. A ƙarƙashin wannan nauyin Inna ke shimfiɗa abin sallarta, a nan jikokinta ke barci. Mu mutanen Maradi ba sai an ba mu labarin ruwa da ginin ƙasa ba. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari har aka hauro da shi kan tudu, kuma ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ɗauki rayuka cikin garin nan bai fita daga zukatanmu ba. Tsoron da kake ji ilimi ne da mahaifinka ya bar maka, kada ka ji kunyarsa.

Ana iya haɗa ɗaki biyu su zama ɗaya, ban ce ba a yi ba. Amma sai an tokare rufin duka ɓangarorin biyu tun kafin a taɓa bango, a tsayar da ginshiƙai masu tushe, a ɗora dogon linto na ƙarfe da siminti wanda zai karɓi kawunan azara, a jira shi ya yi ƙarfi, sa'an nan a cire tokaren. Siminti kuwa sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wannan aikin wanda ya saba ne, wanda ya yi shi sau da yawa, kuma jika 150 ba za su kai ko'ina ba in har za a haɗa da shafe da kuran.

Akwai kuma tambayar da ban ga amsarta cikin wasiƙarka ba: wa ya tambayi Inna? Yaya ya ce, kai ka ji tsoro, mai ɗakinka ta yi magana, amma mai gidan ba mu ji bakinta ba. Tsoffinmu da yawa sun fi son ɗakuna biyu: ɗaya nata da kayanta, ɗaya na baƙi da na ƴaƴa mata in sun zo wankan jego. Kuma duk wanda ya kwana a soro cikin zafin Afrilu ya san darajarsa. Ka zauna da ita bayan la'asar, kai kaɗai, ka tambaye ta abin da ya fi damun ta a gidan. Ba mamaki ta ce maka indararon da ke zuba a gindin bango, ko ƙofar da ba ta kulluwa, ko tana son rumfa a gaban ɗaki inda za ta karɓi mutane ta sha iska. In wurin zaman baƙi ne buƙatar, rumfa mai kyau ta kwano ta biya ta, kuma wannan hannunka zai iya. In kuma ana son a ratsa daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙofa guda da magini zai buɗe ya sa mata linto ta wadatar.

Tunda ka shiga ɗakin, ka tafi da doguwar ƙusa da tocila. Ka bi kawunan azara inda suka shige bango kana tsokana. Itace mai lafiya ba ya barin ƙusa ta shiga. In ta nutse, ko gari ya zubo maka a hannu, ko ka ga ƴar hanyar ƙasa ta bi jikin itacen, gara ta riga ku. To a nan ya kamata kuɗin Yaya su fara tafiya, kafin a zo ga abin ado.

Shafen siminti a kan bangon ƙasa, wannan na gan shi da idona a gidan da na tashi. An shafe katangarmu ta waje, ta yi sumul, maƙwabta suna tsayawa suna yabawa. Damina ta uku sai muka fara jin in ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa tana amsawa kamar ƙwarya a kife. Wata ƴar tsaga kamar zare ta fito daga sama. Da ruwa ya samu wannan ƙofar sai ya riƙa shiga baya, ya kasa fita, domin siminti ya toshe masa hanya. Ranar da shafen ya faɗo, ya faɗo ne falle guda kamar tabarma, kuma ƙasar da ke bayansa ta yi laushi har kana kwasarta da hannu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙasa tana kumbura in ta ji danshi, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa ba ya motsi tare da ita, sai su rabu. Maginan da suka san aikin sukan kafa ƙusoshi su ɗaura ragar waya kafin su shafe, kuma ko da haka sai ana duba tsaga kowace shekara. A ganina, da kuɗin da ke hannunku, yaɓe mai kyau ya fi muku: ƙasa mai danƙo da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa kwanaki, in an samu makuba a gama da ita, a gyara kan katanga, a sa dogon indararo wanda zai jefa ruwa nesa, a yi dakali mai gangara a gindin bango don kada ruwa ya kwanta. Simintin da za ka saya ka kai shi ga dakalin da bakin indararo. Kuma ka tuna zafin bazararmu yana shanye ruwan siminti kafin ya kama, sai ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, ko da sai an sayi garuwa.

Kuran kuwa, ka kira mai aikinsa. Wutar gida bolt 220 ce, ta isa ta kashe babba. Wayar ƙwan fitila mai lamba 1.5 daban take da ta wurin jona firji ko abin guga mai 2.5, kuma haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda shi ne ke zafi cikin dare ya ta da gobara. Abin da waya ta nuna maka an ɗauke shi ne a busasshen gidan bulo, ba a ɗakin ƙasa mai danshi da yara ke dafa bango ba. Ka tsaya kansa yana yi, ka tabbata ya bi da waya cikin tiyo, ya sa abin da ke yanke wuta in an samu matsala.

Kada ka ga kamar na kwashe aikin duka daga hannunka. Yaɓe, indararo, dakali, ƙofofi, rumfa, shafa farar ƙasa, duk naka ne. Sayen kaya ma aiki ne: wanda ya san yashi mai kyau daga mai datti, ya san buhun simintin da ya sha danshi ya dunƙule, ba za a cuce shi a kasuwa ba. Kuma ɗa da ke tsaye a kan aikin gidan uwarsa, ba ƙaramin abu yake tsare wa ba.

Yanzu Yaya. Ina roƙonka kada ka ɗauke shi a matsayin wanda ke son ya ci da guminka. Mutum ne da ke nesa, yana jin nauyin rashin kasancewarsa kusa da Inna, ya tara jika 150, wanda ba a tsintarsu a hanya, yana son in ya zo Salla ya ga uwarsa cikin wuri mai kyau. Da ya ce "ga ka", yabo ne a wurinsa. Abin da bai gani ba shi ne azara, domin daga Yamai ba a ganinta. Saboda haka ka kai masa ita. Ka nemo tsohon magini wanda aka yarda da shi a unguwa, ka ba shi ɗan abin goro ya zo ya duba, ya faɗi abin da aikin zai ci in za a yi shi yadda ya kamata. Ka ɗauki hoton rufin, ka naɗi muryar maginin, ka tura. Sa'an nan ka kira shi, ba rubutu ba, ka ce: "Yaya, Allah ya saka da alheri. Na kawo magini ya duba, ya ce bangon nan shi ke riƙe da rufi, ni kuma ba zan iya kwana ba in na san hannuna ne ya cire shi Inna na ciki. Ga abin da kuɗin nan za su iya yi bana, ga abin da zan yi da hannuna. Falon kuma in Inna na so, mu haɗa ƙarfi da rani mai zuwa." Ka ga ba ka ce a'a ga uwarka ba, ba ka kuma ƙaryata Yayanka ba. In ya ɗan ji zafi ranar, ka bar shi, zai huce. In ya nace, to ka sa Baffa ko Kawu a tsakani, kai kuma ka tsaya inda ka tsaya.

Tunda gidan gado ne, ƙannenku mata su ji tun yanzu. Suna da rabonsu a cikinsa, Inna ma tana da tumuninta. Kuɗin da aka zuba a gidan da ba a raba ba, yau alheri ne, gobe in an zo rabo sai ya zama "ai ni na gyara". Ku yanke tun kafin a sayi buhu ɗaya: abin da Yaya ya turo kyauta ce ga Inna ko za a lissafa masa? Abin da kai za ka sa fa? Ka ware littafi guda irin na ƴan makarantarka, kowace dala ta shiga ko ta fita ka rubuta da kwanan wata, ka riƙa tura hotonsa ga kowa. Kada wani ya ce wannan rashin yarda ne. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma in kuɗin suka ƙare, aiki ya tsaya a nan, ka sanar. Kada ka sake cikawa a ɓoye.

Wannan ya dawo da mu gidan Gwaggo, kuma zan faɗa maka gaskiya domin na ga kai mai ɗaukarta ne. Maganar da ɗanta ya yi a gaban mutane ba ta dace ba. Mutumin da ya hau rufin ɗakin Gwaggo cikin rana, bai karɓi ko sisi ba, ba a saka masa da haka. Amma ka dubi abin daga inda Gwaggo take zaune. Ta ba da kuɗi, an ce mata an gama, ta kwashi kayan auren ƴarta, abin da ta yi shekaru tana tarawa ba miji, ta ajiye a ɗakin da ta ɗauka sabon rufi gare shi. Da ka ce mata tun ranar, "Gwaggo, kuɗin nan ba su kai ba, rabin kwanon tsoho ne mai huji, zan liƙe iya ƙoƙarina amma kada ki sa abu mai daraja a wancan gefen", da ta san inda za ta ajiye katifar. Kunya da tausayi suka rufe maka baki, na sani. Sai dai shirun nan ya hana ta kare kayanta, ya kuma hana ɗanta sanin cewa akwai giɓin da shi ya kamata ya cike. Tun ran gini ran zane. Laifinka bai kai yadda aka faɗa ba, amma akwai ɗan rabonka a ciki, kuma wanda ya san rabonsa shi ke da sauƙin zuwa.

Don haka ka je. Kada ka jira wani biki ko rasuwa ta haɗa ku. Ka riƙe ɗan goro ko sukari, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce ka zo ne a kan maganar ɗakin, ka gaya mata yadda aka yi da tsohon kwanon, ka ba ta haƙuri a kan rashin sanar da ita. Jika 30 ɗin nan ni da za ka bi tawa, ka bar su tsakaninka da Allah, domin in suka fito a wannan zaman za su yi kama da gori. Sai fa in ɗan nata ya ci gaba da yawo da sunanka, to a nan ka faɗa wa babba guda ɗaya a dangi, shi ya san yadda zai ja masa kunne. In kana da hali ka sa wani abu a kayan yarinyar, ko kaɗan ne, ka yi don zumunci.

Sa'an nan ka nemi izini ka sake duba rufin, amma wannan karon tare da ɗanta. Ku shiga ɗakin da tsakar rana ku rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya ɗigo kamar tauraro, huji ne. Ku hau ku duba ƙusoshi: ƙusar kwano a kan tudun take zama, in aka buga ta cikin kwarin da ruwa ke bi, dole ta yi yoyo. Ku duba inda falle ya hau kan falle, in hawan bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, iska za ta turo ruwa ta ƙarƙashi. Ku duba ko rufin ya cika kwanciya har ruwa na jinkirin sauka. Shi zai riƙe tsani, shi zai ga fallen da ya ruɓe da idonsa, shi kuma zai je ya sayo sabo. Wanda ya hau rufi sau ɗaya cikin rana ba ya sake kiran aikin karambani.

Mai ɗakinka tana da gaskiya, ba sai na tsawaita ba. Wata huɗu mace da ƴaƴa uku suna shiga bayi da zane, alhali mijinta na ɗaura ƙofofin wasu, wannan da ciwo. Asabar mai zuwa tata ce. Ka ɗaura ƙofar kafin ka taɓa komai a gidan kowa, kuma ka gode mata da ta yi haƙuri har yanzu. Daga nan ka tsayar wa dangi rana sananniya, misali Asabar biyu a wata, sauran na iyalinka ne da hutunka da gyaran takardun ƴan makaranta. Duk wanda ya kira, kafin ka ɗauki jakar kayan aiki ka je ka duba tukuna, ka faɗi abin da za ka iya da wanda ya fi ƙarfinka, ka rubuta masa kayan da zai sayo, ka ce in sun iso ya kira ka. Tsohuwa marar kowa daban take, wannan ka san abin da za ka yi ba sai na faɗa maka ba. Amma gidan da ke da samari majiya ƙarfi, su kwaɓa ƙasa, su ɗebo ruwa, su miƙo maka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma iyayenmu da gayya suke yaɓe gidajensu kafin ruwa ya sauka. Kai malami ne. Ranar yaɓen gidan Inna ka tara ƴaƴan dangi, a dama fura, ka nuna musu yadda ake yi kamar yadda mahaifinka ya nuna maka. Ka gayyaci ɗan Gwaggo shi ma.

Lokaci na tafiya, ruwa kan fara mana wajen Yuni, don haka azara da indararo su ne na gaba. Kuma ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, in kana gari, ka ɗauki tocilarka ka tafi gidan Gwaggo, ka zauna tare da ita a ɗakin har ruwan ya ɗauke, ku ga ko akwai inda ya rage. Ka rubuto mini yadda kuka yi da Yaya. A gaida Inna.